Wayar da Na Ƙwace da Tambayar da Ban Saurara Ba

 

'Yan uwana matasa, labarin wani kuskure nawa na kawo muku a wannan karo, wanda na tafka a gaban ɗalibai sama da talatin a makarantar Islamiyyar da nake koyarwa da yamma a Makarfi. Na daɗe ina jujjuya maganar a raina, in rubuta ko in bari, domin ba ƙaramin nauyi ba ne malami ya fito fili ya ce ga inda ya zalunci ɗalibinsa. To amma tunda yaron ya yafe, ya kuma amince in ba da labarin muddin ban ambaci sunansa ba, sai na ga rubutawar ta fi alheri.

Wata Asabar ce bayan La'asar, cikin watan Disamba na shekarar 2023. Hunturu ya sauka, ƙura ta rufe gari, motocin rake sai wucewa suke yi ta bayan makaranta suna nishi da kaya. Muna karatun muƙaddimar Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, mun iso inda ake maganar fitinar kabari da tashin alƙiyama. Ina cikin bayanin cewa wanda ya mutu ya tafi ke nan, ba shi da sauran komowa duniya, sai wani yaro daga bencin baya, ɗan shekara 14, wanda ba ya cika magana a aji, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Malam, to idan aka samu wani jikin sak irin nasa fa? Ransa ba zai iya shiga ciki ya dawo ba?"

Aji ya kwashe da dariya. Na tambaye shi inda ya samo wannan magana, ya sunkuyar da kai. Na kusa da shi ya ce, "A waya ne Malam, wani littafin aljanu yake karantawa kullum." Na taka har bencin na miƙa hannu, ya zaro wayar daga aljihu ya ba ni. Tsohuwar waya ce mai tsagaggen gilashi, a buɗe take kan wani shafi na zane: wani tsoho mai tamojin fuska ya lulluɓe kai da baƙin mayafi, wani saurayi a gabansa, ga rubutun Turanci cikin 'yan da'irori a saman kawunansu. Raina ya ɓaci. Dokar makaranta ta hana shigowa da waya, wannan gaskiya ne, amma ba dokar ce ta yi magana da bakina ba, fushi ne. Na ce masa, "Abin da ubanka ya turo ka ka koya ke nan? Ka zo ka cika mana aji da tatsuniyar waɗanda ba su san Allah ba?"

Dariyar ta ɗauke ɗif. A cikin wannan shirun ne na tuna cewa mahaifinsa ya rasu a daminar shekarar, kuma ina cikin sahun da ya sallaci gawar. Na sani, na manta. Yaron bai ce uffan ba, ya tattara littattafansa ya fita. Girman kai irin na malamin da ɗalibai ke kallo ya hana ni bin sa, na ci gaba da karatu kamar ba a yi komai ba. Allah Ya yafe mana.

Mako uku bai zo makaranta ba. Ƙa'idarmu ita ce ba a mayar da waya sai uba ko waliyyi ya zo, to babu wanda ya zo, wayar tana cikin jakata. Wani dare na sa mata caji, na buɗe shafin nan da niyyar in tara hujja in kai wa shugaban makaranta, domin a ja kunnen iyaye. Niyyar mai neman laifi ce, ban ɓoye ba. Sunan littafin Dark Empire, wato Daular Duhu, kashi shida ne, kuma dare uku na yi kafin in gama shi da ɗan Turancin da na samo a jami'a.

Ga wanda bai sani ba, tushen abin wani fim ne mai suna Star Wars, wato Yaƙin Taurari, wanda Ba'amurken nan George Lucas ya fitar a 1977. Labarin wata azzalumar daula ce da ta mamaye duniyoyi masu yawa a can cikin wani gungun taurari mai nisa, da 'yan tawayen da ke yaƙar ta, da wasu mayaƙa masu shigar masu zuhudu da ake kira Jedi, waɗanda makaminsu takobin haske ne. A kudancin Tunisiya aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin, har sunan duniyar da jarumin ya tashi a cikinta daga sunan garin Tatawin na can aka aro shi. A fim na uku, na shekarar 1983, labari ya kai ƙarshe. Babban bafaden daular, Darth Vader, wanda shi ne mahaifin jarumin mai suna Luke, ya yi nadama a ƙarshen ransa, ya sunkuci sarkin daular, Palpatine, ya wurga shi cikin wani rami mai zurfi, shi ma ya cika jim kaɗan. Da a wajenmu ne, nan za a ce ƙurunƙus kan ɗan ɓera, kowa ya tashi ya je ya kwanta.

To su ba su tashi ba. Dama tun 1977 kamfanin Marvel yake buga labarin a littattafan zane, ya yi fitowa 107 kafin ya tsaya a 1986. A ƙarshen 1991 wani kamfanin mai suna Dark Horse ya karɓa, ya fara da wannan littafi da ke hannuna, wanda Tom Veitch ya rubuta, Cam Kennedy ya zana, aka kammala shi a 1992. Dole in yi wa mai zanen adalci: ya iya. Launi ɗaya yakan zuba wa shafi sukutum, wani kore shar, wani shuɗi, wani ja kamar garwashi, ta yadda tun kafin ka karanta rubutun ka riga ka ji tsoro ko sanyin jiki.

Abin da littafin ya ƙunsa shi ne, shekara shida bayan mutuwar sarkin nan sai ga shi ya dawo. Ashe ya tanadi jikuna masu yawa waɗanda aka tsiro daga tsokarsa a ɗakin gwaji, suna jere cikin manyan tuluna na gilashi a wata ɓoyayyar duniya mai suna Byss. Duk lokacin da jiki ɗaya ya lalace sai ransa ya fice ya shiga wani. Kuma saboda muguntar da ke cikinsa tana cinye kowane jiki da wuri, sai ya sa ido kan cikin da Leia, 'yar uwar Luke, take ɗauke da shi, yana so ya shiga jikin jaririn. Shi kuwa Luke, da ya ga ƙarfin sarkin ya fi nasa, sai ya yanke shawarar ya durƙusa ya yi masa mubaya'a, ya koyi sirrin duhun, wai don ya rusa shi daga ciki.

A nan akwai abin da ba zan lanƙwasa harshe a kansa ba. Cewa rai yana fita daga jiki ya shiga wani ya ci gaba da zaman duniya shi ne malamanmu suke kira tanasuhi, kuma ya saɓa wa aƙidar Musulunci kai tsaye. Ƙarshen Suratul Mu'uminun ya ba mu hoton mutumin da mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi ya gyara aikinsa, aka ƙi, aka sanar da cewa akwai shamaki tsakaninsa da duniya har ranar tashi. Wannan shamakin shi ne barzahu. Haka nan ƙarfin gaibun da labarin gaba ɗaya ya doru a kansa, wanda suke cewa ya game dukkan halitta, ba ya umarni, ba ya hani, ba a roƙon sa, yana da gefen haske da gefen duhu, ya tuna mini da abin da muka karanta game da Majusawa masu raba mulkin duniya tsakanin haske da duhu. Kada mai karatu ya ce ai wasa ne kawai. A ƙidayar jama'a ta Ingila da Wales a 2001, sama da mutum 390,000 suka rubuta Jedi a gurbin addini. Mafi yawansu raha suke yi, na yarda, amma raha da gurbin addini ita ma tana nuna inda zukata suka kwana.

Wani abin da ya ba ni dariya, a matsayina na wanda ya ɗan leƙa ilimin Hadisi, shi ne su ma suna da ingantacce da mai rauni. Kamfanin Disney ya sayi kamfanin Lucas a 2012 a kan kuɗi sama da dala biliyan 4, sannan a 2014 aka fito da sanarwa cewa kusan duk littattafan da aka rubuta a baya don ci gaban labarin, har da wannan na hannuna, an sauke su daga matsayin ainihin tarihin, sun koma almara a cikin almara. Marvel ya sake karɓar bugun a 2015, fitowar farko ta sayar da sama da kwafi miliyan ɗaya. Sai kuma a fim ɗin 2019 suka sake tono sarkin nan, ta hanyar irin wannan jiki na ɗakin gwaji. Azzalumin da ke kawo kuɗi ba a barin sa ya mutu. Kasuwar gaba ɗaya a kan abu ɗaya take tsaye: mai sauraro ba ya son a ce masa labari ya ƙare.

Sai dai kuma zan yi ƙarya idan na ce ɓarna kaɗai na gani. Maganar Luke ta tsaya mini a rai. Ya shiga da kyakkyawar niyya, yana ganin zuciyarsa ta fi ƙarfin wurin, ya ma yi yunƙurin farfasa tulunan nan, amma sarkin ya riga shi shiga wani jiki matashi, ya kayar da shi, ya wayi gari bawan abin da ya je rusawa. Sau nawa muka ji wani ɗan uwa ya ce zai shiga harka kaza ne domin ya gyara ta daga ciki, bayan shekara biyu muka gan shi ya fi waɗanda ya tarar ƙwarewa? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kuma ba ƙarfinsa ne ya fid da shi ba, 'yar uwarsa ce ta bi shi har cikin ramin, ta ƙi yanke ƙauna daga gare shi. Wannan darasi ne da zan iya tsayawa a gaban aji in koyar ba tare da na ji kunya ba. Ni kaina a dare na uku na ɗaga kai na ga ƙarfe ɗaya ta gota, ina ɗokin in ga yadda za ta kaya, ni da na shigo neman laifi. Na yi istigfari, na kuma yi wa kaina dariya.

Da na gama, na koma shafin da wayar take kai ranar da na ƙwace ta. Shi ne inda sarkin ke gaya wa Luke cewa mutuwa ba ta riƙe shi. Ina kallon shafin, maiɗakina ta tambaye ni ko wayar ɗan gidan marigayi wane ce. Na ce ita ce. Sai ta ƙarasa mini abin da ban sani ba. Marigayin ya bar matarsa da ciki, ta haihu a watan Nuwamba, namiji, aka mayar masa da sunan uban. Ta ce ranar suna kakar yaran, wato mahaifiyar mamacin, tana rungume da jaririn tana nuna wa mata kunnuwansa da yatsunsa, tana cewa ɗanta ne ya dawo.

Jikina ya yi sanyi. Ashe tambayar da na ɗauka daga Amurka ta zo, daga tsakar gidansu ta taso. Kuma in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, wannan tunani ya girmi fim da waya a ƙasar Hausa. Wa bai san maganar wabi ba? Macen da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana akan ce ɗa ɗaya ne ke tafiya yana dawowa, har a yi wa gawar ko jaririn alama a kunne don a gane shi, a sa masa suna irin su Ajuji ko Ayashe, wai a nuna ba a damu da shi ba ko ya zauna. Mun yi shekaru muna wa'azi a kan wannan, bai gama fita ba, domin ba daga jahilci kaɗai yake tsirowa ba, daga ciwon rashi yake tsirowa. Tsohuwa ta binne ɗanta, Allah Ya kawo mata mai kama da shi, me kake so bakinta ya faɗa? Yaro kuma yana jin wannan da safe, da dare ya ga irinsa a littafi an zana shi da launi, da yamma ya kawo wa malaminsa domin a raba masa gardama. Wurin da ya dace ya kawo. Ni ne ban tsaya na ji ba.

Ranar Alhamis, da yake babu makaranta, na hau babur na nufi ƙauyensu, can ta hanyar da ke bi zuwa Ikara. Aka ce mini yana wajen kawunsa inda ake dafa mazarƙwaila. Tun daga nesa ƙamshi ya tare ni. Injin matse rake yana ta ruri, ruwan yana gangarowa cikin bokiti, manyan kasake suna tafasa a kan wutar da ake izawa da busasshiyar tuka, wasu samari suna kwasar wanda ya yi kauri suna zubawa a ƙananan kwanoni ya daskare. Yaron yana gindin wuta da sanda a hannu. Da ya hango ni ya ajiye ta ya zo ya durƙusa.

Kawun ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ai da ka aiko mun zo. Laifi ya yi ko? Mun yi mun yi ya koma makaranta ya ƙi, ya kuma ƙi faɗin dalili."

Na ce, "Alhaji, laifin nawa ne, shi ya sa na zo da ƙafata." Na juya wajen yaron na ce, "Ɗana, na faɗa maka maganar da ba ta dace ba, a gaban 'yan uwanka. Ka yafe mini don Allah." Na miƙa masa wayarsa. Ya karɓa da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa, ya ce babu komai. Na roƙi kawun ya ba mu wuri, muka koma gindin wata mangwaro muka zauna a kan damin rake.

Na ce masa na karanta littafin duka. Ya ɗago ya dube ni kamar bai yarda ba, sai da na faɗa masa yadda aka ƙare, yadda Luke da 'yar uwarsa suka haɗa ƙarfi suka juya wa sarkin guguwar da ya tayar ta cinye shi da jirginsa. Sannan na ce ya sake yi mini tambayarsa, yau zan saurara.

Ya ce, "Malam, ni ma na san na littafin ƙarya ne. Amma Iya kullum sai ta ce Baba ne ya dawo. In aka ba ni jaririn sai in rasa yadda zan yi, in yi masa wasa ne ko in gaishe shi."

Na yi shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, ban taɓa jin tambayar aƙida da ta kai wannan nauyi ba. Ban kawo masa sunayen ƙungiyoyi da raddin malamai ba. Na ce masa ƙanensa rai ne sabo, Allah Ya halicce shi shi kaɗai, da rabonsa da littafin aikinsa, bai ɗauko na kowa ba, saboda haka ya yi masa wasa son ransa, ya goya shi, in ya girma ya koya masa karatu. Mahaifinsu kuwa yana inda Allah Ya ajiye shi, kuma ba a yanke tsakaninsu ba, domin ya tabbata a Sahihu Muslim cewa abu uku ne ke ci gaba da isa ga mamaci, sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Na ce, "Na ukun nan kai ne." Game da Iya kuma na ce kada ya yi musu da ita, kewa ce ke magana, ni zan zo in gaishe ta mu taɓa zancen a hankali. Na ba shi labarin ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah Sallallahu alaihi wa sallam, ya rasu. Annabi ya zubar da hawaye, kuma a ranar aka yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwar ne. Yana cikin wannan baƙin ciki ya tashi ya gyara musu, ya sanar da su cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Bai hana kuka ba, bai kuma bar kuskure ya zauna ba.

Mun jima shiru. Daga baya na tambaye shi abin da ke jan sa ga littafin, tunda ya san ƙarya ne. Fuskarsa ta sake. Ya ce, "Jiragen, Malam." Ya shiga gida ya fito da wani littafin rubutu na makarantar boko, bayansa cike da zanen kumbo iri iri da biro, wasu ya kwaikwaya, wasu nasa ne na kansa, har da wani mai siffar tulu.

A hanyar komawa gida wani littafi ya faɗo mini a rai, wanda na karanta ina ƙaramar sakandare: Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1969, shekarar da Neil Armstrong ya taka wata. Labarin wani yaro ne mai suna Kilba da wani baƙo daga sama, Ƙolin Ƙoliyo, ya ɗauka ya zaga da shi sararin samaniya. Wato shekara takwas kafin fim ɗin George Lucas, wani marubucinmu ya riga ya tura yaron ƙasar nan cikin taurari da harshen Hausa, kuma nan kusa da mu aka buga, tafiyar da ba ta kai ta yini ba ko a keke. Na nemo tsohon kwafi wajen wani abokina da ya karanta Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello, na kai wa yaron ranar da ya dawo makaranta. A ranar, kafin mu buɗe Risala, na tsaya a gaban ajin na maimaita ban haƙurin, tunda a gabansu na yi laifin.

Kwana biyu ya dawo mini da littafin. Ya ce, "Malam, ina na biyun?"

Na ce littafi ɗaya ne. Ya yi mamaki ƙwarai, shi da ya saba da labarin da ke da ɗaruruwan fitowa. Wannan tambaya ta biyu ita ma ta hana ni barci, ta wata fuskar. Mu ne muke karanta surori masu sunan Tauraro da Wata da Rana da Buruj da Ɗariƙ a sallolinmu. Abdurrahman Assufi ya rubuta littafinsa na siffofin taurari wajen shekarar 964 Miladiyya, cike da zane, kuma har yau masana falaki na duniya suna kiran taurari da yawa da sunayen da suka samo asali daga Larabci, irin su Aldebaran daga Addabaran, da Altair daga Aɗɗa'ir. A ƙauyukan Kudan da Ikara har yanzu akwai dattawan da za su lissafa maka taurarin damina, su Nasara da Ɗarfa da Jabha, kowanne da kwanakinsa, su gaya maka wanda ake shuka a cikinsa da wanda in ya wuce an makara. Kakanninmu sun san Zara matar wata, sun san Gamzaki, sun san Kaza da 'ya'yanta. Yaron ƙauyenmu da ke kwana a tsakar gida lokacin bazara ya fi yaron birnin New York ganin taurari nesa ba kusa ba. Amma in yana son labarinsu sai ya ara daga wanda ke ganin su ta allo, ya karɓa haɗe da aƙidar mai labarin, mu kuma mu tsaya da bulala a bakin ƙofa.

Ba ina cewa abin mai sauƙi ba ne. Wani ɗan Kuwait, Dokta Naif Al-Mutawa, ya gwada a 2006 da littattafan zane masu suna The 99, inda ya ƙirƙiri jarumai ya jingina baiwar kowanne da ɗaya daga kyawawan sunayen Allah. Abin ya yi tashe har aka mayar da shi zanen talabijin, amma a 2014 manyan malaman fatawa na Saudiyya suka haramta shi, saboda ganin cewa an sanya wa halitta abin da ya keɓanta da Mahalicci. A ganina ya taɓa wurin da bai kamata a taɓa ba, alhali filin yana da faɗi. Ba sai ka ara daga sunayen Ubangiji ba kafin ka ba da labarin yaro Musulmi a cikin kumbo.

Sannan ga mas'alar zanen kanta. Da shugaban makarantarmu, dattijo ne da ya koyar da ni Iziyya ina yaro, ya ji cewa ina saya wa ɗalibi littafin rubutu don ya yi zane, ya kira ni ofis. Ya karanto mini hadisan da suka yi tsanani a kan masu sura, kuma ingantattu ne, ban musa ba. Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ai a mazhabarmu an bambanta mai inuwa da marar inuwa." Na kuma tuna masa abin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa Annabi Sallallahu alaihi wa sallam ya ga doki mai fukafukai a cikin kayan wasan Nana A'isha, ya tambaye ta, ta kafa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya. Malam ya ce wannan kayan wasan yarinya ne, kada in faɗaɗa abin da aka taƙaita. Ba mu daidaita ba. Ni ba mai fatawa ba ne, kuma ba zan ɗaga murya a gaban wanda ya koya mini alwala ba. Yaron ne ya raba mu ba tare da ya sani ba: mutanen labarinsa duka 'yan sama jannati ne, kowa da ƙatuwar hular gilashi da ta rufe fuska ruf, ba ido ba hanci. Malam ya juya shafukan, ya yi gyaran murya, ya ce a dai kula kada ya shagala da barin hadda.

Yanzu yana kan littafin rubutu na uku. Kumbonsa daga wata gonar rake ya tashi, a bayan gari, bayan an sare raken, kuma guzurin matafiyan mazarƙwaila ce da ƙuli-ƙuli. Wahalar ta dawo kaina, domin kowane mako da irin tambayar da yake kawowa. Da ya tambayi alƙibla, sai da na je na binciko abin da aka yi wa ɗan sama jannatin Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, wanda ya je tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a watan Oktoba na 2007, cikin azumi. Tashar tana zagaya duniya kusan sau 16 a kwana ɗaya, in da za a bi fitowar rana da faɗuwarta da salla 80 ta hau kansa. Malaman ƙasar suka tsara masa cewa ya bi lokutan wurin da kumbonsa ya tashi, ya fuskanci Ka'aba in ya iya, in bai iya ba ya fuskanci duniya, in hakan ma ya gagara ya fuskanci duk inda ya sawwaƙa. Yaron ya rubuta wannan a shafi guda, ya zana mutum uku a sahu, an ɗaure ƙafafunsu da igiya don kada liman ya yi sama ya bar mamu.

Ta makon jiya kuwa ta fi ƙarfina. Matafiyan sun sauka a kan wata, ruwansu ya yi ƙaranci, yana so ya san ko ya halatta su yi taimama da ƙurar wurin, tunda ba ƙasar duniya ba ce. Na ɗauki littafin rubutun na kai wa shugaban makaranta. Ya sa tabarau ya karanta tambayar sau biyu, ya yi dariya har da tari, ya sa aka ɗauko masa Muhtasar da sharhinsa. Ya ce in bar masa littafin yaron ya kwana da shi, da na ɗaya da na biyun ma in suna kusa, domin a cewarsa ba a yanke hukunci sai an san asalin tafiyar. Yau kwana shida ke nan, na tambaye shi da safe, ya ce bai gama nazarin mas'alar ba.